Yadi Ruwan Hoda Mai Haske: Yadda Nake Zaɓensa, Nake Ɗinka Shi, Nake Adana Shi

A cikin duk launukan da suka bi ta ƙarƙashin allurar kekena, babu wanda nake so kamar ruwan hoda mai haske, kuma babu wanda ya koya mini taka-tsantsan kamarsa. Ba ruwan hoda mai ƙarfi nake nufi ba, wanda ake hangowa tun daga nesa. Ina nufin wanda ya kusa zama fari, wanda sai kin jera shi da farin ƙyalle kafin idonki ya yarda cewa akwai launi a jikinsa. In an dace da yadin, an dace da ɗinkin, yana da wani sanyi a ido da ban samu a wani launi ba.

Sai dai wannan launi ba ya rufa wa kowa asiri, kuma dalilin a fili yake. Ruwan hoda jan rini ne da aka tsinka shi sosai a kan farin yadi, rinin da ke jikin zaren ɗan kaɗan ne ƙwarai. Baƙin yadi ko shuɗi mai duhu zai iya rasa wani kaso na rininsa ba wanda ya lura, shi kuwa wannan in ya rasa kaɗan, to kusan duka ya rasa. Haka kuma in wani launi ya ɗan shige shi, ko da ɗigon shuɗi ne daga ruwan wanki, sai baƙon ya rinjayi mai gida. Ta fuska biyu ke nan yake lalacewa: ko a rage masa, ko a ƙara masa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, 'yar'uwa, daga wannan tushe ya fito.

Kafin ki ce a yanka

Abu na farko shi ne haske. Kada ki taɓa yanke shawara a kan wannan launi a ƙarƙashin ƙwan lantarki kaɗai. Ƙwan da haskensa ya yi ɗorawa-ɗorawa, irin wanda ake rubuta 2700K a kwalinsa, yana tura ruwan hoda wajen ruwan lemo. Farin ƙwai mai 6500K kuma yana tura shi wajen shunayya ko ruwan toka. Na taɓa sayen yadi huɗu na auduga don in ɗinka wa 'yata riga, a inda na saya launinsa mai ɗumi ne, ya kwanta mini a rai. Washegari da na shimfiɗa shi kusa da taga sai na ga wani abu dabam, launi mai sanyi da ya karkata wajen shunayya, bai shiga da komai cikin abin da na tanadar masa ba. Ba wanda ya yaudare ni, ƙwan ne kawai. Tun daga ranar nake roƙon a bar ni in kai bakin yadin ƙofa in gan shi da hasken rana, a inuwa, ba cikin tsakiyar rana ba. In kuma da dare za a fi sa kayan, ki duba shi a hasken dare ma.

A can bakin ƙofar, ki fito da farar takarda ki ɗora a kansa. Nan take za ki gane wane iri ne. Akwai ruwan hoda mai ɗumi, wanda ke da ɗan rawaya a ƙarƙashinsa, akwai mai sanyi, wanda ke da ɗan shuɗi, akwai kuma wanda aka kashe masa kaifi da ruwan toka har ya yi kamar ya sha ƙura. Mai ɗumi yana shiga da ruwan madara, ruwan ƙasa da ruwan zinari. Mai sanyi ya fi son fari tas, ruwan toka, ruwan azurfa da shuɗi mai duhu. Abin da ba na yi shi ne haɗa mai ɗumi da mai sanyi a riga ɗaya, don kowanne sai ya sa ɗan'uwansa ya zama kamar mai datti. In tufafi za ki ɗinka, ki kara yadin a ƙarƙashin haɓar mai sawa ki duba fuskarta, ba yadin ba. Wani yana haska fuska, wani yana sa ta yi kamar ba ta da lafiya. A ganina fata mai duhu tana ɗaukar wannan launi fiye da yadda mutane suke zato, musamman mai ɗumin.

Ki sayi duk abin da kike bukata a lokaci ɗaya, daga bandir ɗaya. A masaƙa rukuni-rukuni ake rina yadi, kuma da wuya rukuni biyu su fito daidai wa daida. A launi mai duhu bambancin yakan ɓuya, a wannan kuwa hannun riga daga wani bandir da jikin riga daga wani sai su yi kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba. Ina ƙara rabin yadi a kan lissafina kullum: wani kaso zai tafi a tsukewar wankin farko, wani a gwaje-gwaje, sauran kuma ajiya ce don ranar gyara. Ki tambayi faɗinsa ma, don mai faɗin inci 45 da mai inci 60 ba lissafinsu ɗaya ba.

Sannan ki sa a warware miki shi ki duba layin ninkin da ke tsakiya. Yadin da ya daɗe a kanta, ko aka jingina shi inda rana take bugunsa, yakan yi wani siririn layi koɗaɗɗe ko mai datti daidai kan ninkin. In datti ne zai fita. In koɗewa ce, ba wanki ba guga da zai dawo da shi, kuma layin zai faɗo miki a tsakiyar gaban riga. Ki kwatanta bakin da ke waje da wanda ke can cikin naɗin. In sun bambanta, ki haƙura da shi.

Da me aka saƙa shi?

Nan ne nake daɗewa, don irin zaren shi ke faɗin yadda launin zai zauna da ke.

Auduga ita ce abokiyar tafiyata. Tana shan gumi, tana jure wanki, tana biyayya a ƙarƙashin allura. In kin samu wadda aka yi wa wankin sinadarin nan da ke sa zaren auduga ya kumbura ya yi sheƙi, dabarar da John Mercer ya gano a Ingila a 1844, ki riƙe ta da kyau, don ta fi karɓar rini kuma launinta ya fi fitowa sarai. Yawancin auduga mai kyau a yau da wani irin rini ake rina ta wanda yake ƙulluwa da zaren kansa, ba zama kawai yake yi a samansa ba. Kamfanin ICI na Ingila ne ya fara fito da irinsa kasuwa a 1956. Irin wannan ba ya zuba a ruwa in an wanke shi da kyau a masaƙa, amma rana tana cinsa a hankali. Lilin ma haka yake, ga shi da sanyi a jiki, sai dai yana yamutsewa, kuma a launi mai haske duk wata yamutsa tana da inuwarta. In ba kya son guga, ki bar wa masu so.

Poliyesta ya fi kowa riƙe launi, da wuya ya tsuke, ga saurin bushewa. Aibinsa biyu: zafi a jiki, da kuma son maiko. Ɗigon mai a jikin poliyesta ruwan hoda yakan yi zamansa ya bar tabo mai duhu, in ba a yi da gaske ba har bayan wanki. Nailan kuma wani hali gare shi da ya kamata ki sani: yana zuƙar duk wani rini da ke yawo a ruwan wanki. Leshi da net masu nailan su ne suka fi saurin komawa ruwan toka, ba don sun tsufa ba, sai don abokan wankinsu.

Biskos, wanda wasu ke kira rayon, yana da zubi mai kyau, yana bin jiki kamar ruwa. Amma in ya jiƙe ƙarfinsa yana raguwa sosai, ga tsukewa fiye da auduga, don haka ba a murɗa shi, ba a matse shi da ƙarfi. Siliki na gaske kuwa, a nan ne ruwan hoda yake nuna iyakar kyansa, don zaren yana da haske nasa na kansa. Sai dai gumi yana canza masa launi, ruwa yakan bar masa zobe, rana tana raunana zaren. Ba na ɗinka wa yaro shi, ba na kuma shawartar mai koyo ta fara da shi.

In babu rubutu a jikin bandir, wuta tana faɗin gaskiya. Ki yanki ɗan ƙyalle kamar faɗin farce, ki riƙe da hantsaki a kan kwano mai ruwa, ki kusanta shi da ashana. Auduga, lilin da biskos suna ci da sauri, suna warin ƙonanniyar takarda, su bar toka mai laushi. Siliki yana warin ƙonannen gashi, ya bar baƙin dunƙule da ke murmushewa tsakanin yatsu. Poliyesta da nailan janyewa suke daga wutar, su narke, su bar ƙwallo mai tauri da ba ya fashewa. Ki bari ya huce kafin ki taɓa, narkakkiyar roba tana manne wa fata.

Saura zancen shara-shara. Launi mai haske ba ya tare ido kamar mai duhu, ko da kaurinsu ɗaya. Ki sa tafin hannunki a bayan yadin ki ɗaga shi wajen haske. In kina iya ƙirga yatsunki, to sai da shafi. Masu rubuta nauyin yadi suna auna shi da giram a kowace murabba'in mita: boyel da danginsa ba su cika kai 100 ba, foflin yana wajen 110 zuwa 140, sai abin da ya haura 180 ne na fara amincewa da shi ba shafi. Kuma ga kuskuren da na ga an fi yi: a ɗauka farin shafi ne zai ɓuya. Farin shafi yana haska launin ya ƙara masa haske, amma duk inda ya ƙare sai an ga iyakarsa raɗau a kan fata. In kina son launin ya yi zurfi, ki sa shafi ruwan hoda irinsa. In kina son shafin ya ɓace, ki sa wanda ya yi kusa da launin fatar mai sawa, amma ki sani zai ɗan dusashe ruwan hodan. Ki ɗora yadin a kan kowanne ki gani da idonki kafin ki saya.

Ƙyallen shaida

Da na dawo da sabon yadi gida, kafin ruwa ya taɓa shi, nakan yanki ƙyalle biyu kamar faɗin tafin hannu. Ɗaya in saka shi a ambulan in rubuta irin zaren da ranar da na saya, in jefa a aljihun tebur inda haske ba ya kaiwa. Shi nake kira ƙyallen shaida. Ɗayan kuma shi ne ɗan gwaji: in auna shi, in wanke shi da sabulun da zan riƙa amfani da shi, in shanya, in goge, in sake aunawa, sannan in jera shi da shaidar. Cikin awa ɗaya na san ko yana tsukewa, ko sabulun yana canza masa launi, ko dutsen guga yana sa shi ƙyalli. Ido ba ya riƙe launi a ƙwaƙwalwa, musamman irin wannan, shi ya sa sai da abin kwatance.

Daga nan sai wankin yadin gaba ɗaya kafin yanka. Auduga takan tsuke da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, wata ma fiye, wato yadi huɗu zai iya rasa inci huɗu zuwa bakwai. Gara ya rasa su kafin ɗinki. Ki bi bakin da aka yanka da ɗinkin zigzag don kada ya warware a ruwa, ki wanke shafin ma daban, don in yadi ya tsuke shafi bai tsuke ba, rigar za ta riƙa jan kanta. Za ki ji ana cewa a jiƙa sabon yadi da gishiri ko ruwan khal don launi ya kama. Gishiri da khal suna da aiki a lokacin rini, a cikin tukunyar marini, amma audugar da ta riga ta fito daga masaƙa ba abin da suke ƙara mata. Ba na ɓata lokacina a kai.

A kan keke

Ranar da zan ɗinka wannan launi, da shara nake farawa. In buɗe wajen kwarkwaro in share burbushin zaren aikin baya, don baƙin burbushi in ya shiga cikin ɗinki ba ya fita. In goge tebur, in goge farantin allura, in wanke hannu, ban kuma shafa mai a ranar sai na gama. In na zuba wa keke mai, sai na yi ta ɗinki a kan tsumma har na ga layin yana fita tas. In tsautsayi ya sa man keke ya ɗiga a yadi, kada ki goga. Ki barbaɗa farar hoda ko garin alli a kai, ki bar shi ya kwana ya tsotse man, ki kakkaɓe, sannan ki sa ɗigon sabulun wanke-wanke ki ɗauraye. Fil mai tsatsa kuma ki zubar da shi tun yau. Ko mai kyau ne, kada ki bar shi ya kwanaki a jikin yadi a lokacin danshi.

Wajen zana alama, jan alli da shuɗin alli ba su da wuri a nan. Farin alli ko siririn guntun farin sabulu ya isa, a bayan yadi, in kuma ba ya ganuwa sai ki yi alama da farin zare da hannu. Biro mai gogewa da ruwa yana da amfani, amma in dutsen guga ya hau kansa kafin ki wanke, zai iya zama daram. Wanda ke gogewa da zafi kuma yakan bar farin sawu, tawadar ma takan dawo in yadin ya sha sanyi sosai. Duk wanda za ki yi amfani da shi, ɗan gwaji ya fara ɗanɗanawa.

Zare ba a zaɓensa a dunƙule. Ki warware sili ɗaya ki kwantar a kan yadin, don a jikin ƙwarya launinsa ya fi ƙarfi. An saba cewa in ba a samu daidai ba a ɗauki wanda ya ɗan fi duhu. A yawancin launuka na yarda da haka, a wannan kuwa na fi son wanda ya ɗan fi haske, don mai duhun yana zana layi kamar an ja da biro. Zaren ƙasa ma ya zama iri ɗaya da na sama. Allura sabuwa: lamba 70/10 ga boyel da yadi marar nauyi, 80/12 ga foflin da lilin, 60/8 ga shifon da siliki. Lambar farko kaurin allurar ce, 70 na nufin kashi 70 cikin ɗari na milimita. Allura mai kauri ko dakusasshiya tana jan zare a satin, kuma wannan ja ba ya gyaruwa.

Sai abin da ke bayan ɗinki, wanda a wannan launi ba ya zama a baya. Rarar da kika bari a ciki tana yin inuwa ta waje, don haka ki daidaita faɗinta ko'ina, in za ki yi wibin ki sa zare mai haske. A yadi shara-shara na fi son ɗinkin da ke haɗiye bakinsa: ki haɗa bayan yadi da baya ki ɗinka siriri ta waje, ki rage bakin da almakashi, ki juya fuska da fuska, ki goge, ki sake ɗinkawa yadda ɗanyen bakin zai shige ciki. Aiki biyu ne, amma abin da ake gani ta waje siririn layi ɗaya ne mai tsabta. Gam ɗin da ake mannawa a wuya da bakin hannu shi ma ki gwada, don wani ɗigo-ɗigon mannensa yana bayyana ta fuskar yadi. Kuma kafin ki rufe kalmasa ko shafi, ki tsince duk guntun zaren da ya maƙale a ciki. Na sha farke kalmasa saboda sili ɗaya na baƙin zare da ya kwanta a ciki yana leƙowa.

Guga kuma ta baya, da farin ƙyallen auduga a tsakani. Ki duba gindin dutsen tukuna ko yana da baƙi, in mai tururi ne ki fesa tururin farko a kan tsumma, don yakan tofo ruwa mai tsatsa. Ɗigon da ke jikin alamar guga yana da ma'ana: ɗaya wajen digiri 110 ne, na nailan da danginsa, biyu wajen 150, na poliyesta da siliki, uku wajen 200, na auduga da lilin. Ƙuna kaɗan da ba za a gani a wani launi ba, a nan rawaya ce sarai.

Wanki

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, da farare za a haɗa shi ko da masu launi? Ba ko ɗaya. Masu duhu za su ba shi nasu, sabon wandon jins ɗaya ya isa ya mayar da shi ruwan toka. Farare kuma ana wanke su da abubuwan da ba ya so. Ki wanke shi shi kaɗai ko da 'yan'uwansa masu haske, a juye, da ruwan sanyi ko wanda bai wuce digiri 30 ba, kada kuma ki bar shi ya kwana a jiƙe.

Sabulu yana da nasa labarin. Yawancin garin sabulun da ake tallarsa da cewa yana sa fari ya yi fari fat yana ɗauke da wani sinadari da ke maƙalewa a zare, ya karɓi hasken da ido ba ya gani ya mayar da shi shuɗi-shuɗi. A farin kaya abin yana kyau. A ruwan hoda mai ɗumi kuwa, wanki bayan wanki sai ki ga ya yi sanyi, ya dusashe, kina cewa ya koɗe alhali lulluɓe shi aka yi. Ki nemi sabulun ruwa da aka yi don kaya masu launi. Bula ma haka, shunayya za ta mayar miki da shi. Siliki kuma sabulunsa dabam, marar kaifi, don sabulu mai sinadarin cin tabon jini da na gumi yana cin zaren siliki ma.

Bilic mai kulorin kada ya kusance shi. Ɗigo ɗaya farin tabo ne na har abada, a siliki kuma zaren kansa yake ci. Akwai mai aiki da iskar oksijin, wanda auduga da poliyesta suke jurewa in an narkar da shi sosai kafin a tsoma kaya, amma ban da siliki da ulu, kuma ɗan gwaji ne zai fara shiga. Kada ki taɓa haɗa bilic da khal ko lemon tsami, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Tabo da saurinsa ake cin nasara, kuma dannawa ake yi da farin tsumma, ba gurzawa ba, don gurza tana tayar da gashin yadi ta bar farin wuri. Jini da ruwan sanyi, zafi dafa shi yake a cikin zare. Maiko, jambaki da hodar fuska da sabulun wanke-wanke. Tsatsa da ruwan lemon tsami, a ɗauraye da wuri, bilic kuwa ƙara kama ta yake. Duk tabon da bai gama fita ba, kada guga ta hau shi.

Akwai kuma ɓarnar da daga jikinmu take fitowa, wadda mutane ba su cika zargi ba. Maganin warin hammata mai sinadarin alminiyam in ya haɗu da gumi yana barin rawaya, kuma a ruwan hoda rawayar tana komawa ruwan lemo mai datti. Ki bari ya bushe kafin ki sa riga, ki wanke rigar da wuri ko da ba ta yi datti a ido ba. Man ƙurajen fuska mai benzoyil feroksaid yana cire rini kamar bilic, shi ne yakan ɓata wuyan riga da rigar matashin kai ba a san dalili ba. Wasu mayukan kare fata daga rana suna barin tabo kamar tsatsa in ruwan wankin yana da ƙarfe a cikinsa. Turare kuma a jiki, kafin sa kaya.

In ƙaddara ta faɗa, wani kaya ya zuba a kansa, kada ki bari ya bushe. Ki ɗauraye da ruwan sanyi nan take, ki sake wankewa shi kaɗai sau biyu ko uku. Yawanci baƙon rini yana saki muddin bai bushe ba. Magungunan cire zubar launi da ake sayarwa ba su san baƙo ba su san ɗan gida ba, za su iya tafiya da ruwan hodan gaba ɗaya, don haka su ne mataki na ƙarshe.

Shanya a inuwa, a juye, inda iska take kaɗawa, ki goge igiyar tukuna, ki kuma kwashe da zarar ya bushe. In labule za ki yi da shi, ki zaɓi poliyesta, ki sa masa farin shafi ta wajen taga ya tare masa rana. Auduga ruwan hoda a taga ba shafi, ba za a daɗe ba za ki ga ta yi zane-zane a kan ninki.

Ajiya

Ba a ajiye shi sai a wanke, a bushe ƙarau, don gumin da ba a gani yau shi ne rawayar da za ki tarar bayan wata shida. Kada ki sa sitaci a abin da zai daɗe a ajiye, ƙwari yake kira. Leda ba ta barin yadi ya sha iska, tana tara danshi har fumfuna ta kama, wata ledar ma da kanta take sa yadi mai haske ya yi rawaya. Kwali, jarida da katakon da ba a shafe ba su ma suna barin sawu. Tsohon farin zanen gado da ya sha wanki shi ne mafi alheri: ki naɗe kayan a ciki, ki sa a wuri mai duhu marar danshi, nesa da kaya masu duhu. Yadin da ba a yanka ba gara a naɗe shi kamar tabarma da a ninke. In dole sai ninki, duk bayan wata uku ko huɗu ki fito da shi, ki kakkaɓe, ki canza wurin ninkin, ki ɗauko ƙyallen shaida daga ambulan ki jera su kusa da taga. In kin ga ya fara karkata wajen rawaya, wurin ajiyar za ki canza. In wajen toka ko shunayya ya karkata, sabulun za ki canza.